Ɗori da Awo: Koyar da Lissafin Daidaito da Harshen Hausa

Abin da ya jawo wannan ɗan rubutu shi ne wata tambaya da na yi wa ƙanena, wanda yake aji biyu na ƙaramar sakandare. Na rubuta masa 3x = 21, na ce ya nemo mini x. Bai ɓata lokaci ba ya rubuta 18. Da na nemi dalili sai ya ce ai an koya musu cewa duk lambar da ta tsallaka ɗaya gefen sai alamarta ta juya, don haka ya tsallakar da 3 ya ɗebe ta daga 21. Yaron bai yi ƙarya ba, haka aka faɗa masa. Ya haddace ƙa'ida ne ba tare da an nuna masa tushenta ba. A ganina matsalar ta harshe ce kafin ta zama ta lissafi, shi ya sa take da wurin zama a wannan mujalla tamu.

Mu fara da alamar nan mai layi biyu (=), wadda Robert Recorde ya fito da ita a Ingila a 1557. Yawancinmu mun saba karanta ta da "ya zama", watau huɗu a tara da uku ya zama bakwai. Wannan lafazi yana sa yaro ya ɗauka aiki yana hagu, amsa kuma tana dama. In ka ba shi 8 + 4 = ___ + 5, sau da yawa 12 zai cika a gurbin, alhali kuwa 7 ake nema. Karatun da ya dace shi ne "daidai yake da", domin abin da alamar take faɗa ke nan: abin da ke hagu da abin da ke dama nauyinsu ɗaya. Saboda haka ne na zaɓi in kira irin wannan jimla ta lissafi da sunan daidaito. Wanda muke magana a kansa shi ne miƙaƙƙen daidaito, wanda ɓoyayyen adadin cikinsa ba a ninka shi da kansa ba; in aka zana shi a takardar awo, miƙaƙƙen layi yake bayarwa.

Ba baƙon abu ba ne a koyar da wannan fanni da zance. Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi, wanda ya yi zamani a Bagadaza lokacin Halifa Ma'amun, ya rubuta littafinsa na aljabara wajen shekarar 820, kuma babu x babu y a cikinsa, duk da kalmomi ya yi bayani. Ɓoyayyen adadi "shai'u" ya kira shi, watau "abu". Haruffan da muke amfani da su yau sun samu gindin zama ne bayan littafin René Descartes na 1637. Sunan littafin Alhawarizmi ya ƙunshi kalmomi biyu, "jabru" da "muƙabala". Ita "jabru" a Larabci tana ɗauke da ma'anar gyaran karaya, abin da Bahaushe yake kira ɗori, daga gare ta ne kuma aka samo sunan aljabara. "Muƙabala" kuwa gwada gefe da gefe ne a soke abin da ya yi daidai, na fassara ta da awo.

To, bari mu gwada. A ce mai goro ya ɗaure ƙulli uku, kowane ƙulli adadinsa ɗaya da na ɗan'uwansa, ga kuma goro biyar a warwatse, duka duka goro 26. A rubuce, 3x + 5 = 26. Malami ya sa yara su hango sikeli mai faranti biyu wanda ya tsaya cak. Duk abin da aka yi wa faranti ɗaya tilas a yi wa ɗayan, in ba haka ba sikeli ya rinjaya. A kwashe biyar daga hagu, a kwashe biyar daga dama, saura 3x = 21. Ƙulli uku ne suka tashi 21, sai a raba kowane gefe gida uku, x = 7. Nan ne ƙanena ya ga kuskurensa da kansa: 3 ɗin nan ba tara ta aka yi da x ba balle a ɗebe ta, ninkawa aka yi, maganin ninkawa kuwa rabawa. Babu lambar da ta tsallaka ko'ina.

Inda ɗori yake fitowa sosai shi ne wurin da aka sami ragi. Mu duba 5x − 4 = 2x + 11. Hausa ta riga ta tanadar mana hanyar karanta wannan, tun da a ƙidayarmu muna cewa "ashirin babu biyu" muna nufin 18. Ashe gefen hagu "abu biyar babu huɗu" ne, gefen dama kuma "abu biyu da goma sha ɗaya". Yaron da ya taɓa zuwa aike kasuwa ya san "babu huɗu" giɓi ne. Sai a ɗora karayar, a ƙara huɗu a kowane gefe: 5x = 2x + 15. Daga nan sai awo: akwai abu biyu a nan, akwai abu biyu a can, a kwashe su, saura 3x = 15, watau x = 5. Kada a bar yaro ya tashi sai ya mai da amsarsa cikin tambayar. Biyar sau biyar babu huɗu, 21. Biyar sau biyu da sha ɗaya, 21. Sikeli ya tsaya. Wannan mataki na ƙarshe shi ake yawan tsallakewa don gaggawa, ga shi kuwa shi kaɗai ne yake ba yaro ikon sanin ya ci ko ya faɗi ba sai an duba masa ba.

Wani zai ce misalin sikeli yana da iyaka, gaskiya ne. In amsa ta faɗi ƙasa da sifiri, kamar a x + 9 = 4, babu farantin da zai ɗauki "babu biyar". A nan gara a koma ga misalin bashi: mutum ya sami naira tara, amma da ya daidaita da mai binsa sai huɗu suka rage a hannunsa, ashe dā ma ana bin sa biyar.

Ga masu ganin abin na 'yan boko ne kawai, wani babban sashe na littafin Alhawarizmi a kan wasiyya da rabon gado yake, ilimin da malamanmu na zaure suke karantarwa. Matar da mijinta ya rasu ya bar 'ya'ya tumuni take samu, kashi ɗaya cikin takwas. In rabonta ya kama shanu shida, nawa ne garken da aka raba? A rubuce, x ÷ 8 = 6. An raba da takwas, sai a ninka kowane gefe sau takwas, x = 48. Na ba ƙanena wannan da baki, ban rubuta kome ba, ya ba ni amsa kafin in rufe baki. Da na rubuta masa da x kuwa sai da ya yi jim, sannan ya ce, "Yaya, ashe ita ce dai ta ɗazu."