Kasuwancin Wasannin Amurka da Makomar Damben Gargajiya: Nazari Daga Ƙasar Zazzau

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi hanyoyin da wasannin Amurka suka bi suka shigo ƙasar Hausa, ta ɗauki arewacin ƙasar Zazzau, wato yankin Gazara da Maƙarfi da Ikara da Kudan, a matsayin farfajiyar nazari. An fara da bayyana tsarin kasuwancin waɗannan wasanni a tushensu, sannan aka waiwayi tarihin ƙwallon kwando a Zariya da dalilan da suka hana shi yaɗuwa zuwa karkara. Maƙalar ta nuna cewa salon sayar da wasa ya fi wasannin kansu tasiri a kan Bahaushe, domin da wannan salo ne ake sake fasalin damben gargajiya a yau. Daga ƙarshe an jawo hankalin manazarta ga abubuwa uku da sauyin ya shafa: harshen wasa, rabon kuɗin shiga, da kuma caca.

1.0 Gabatarwa

Gazara ɗaya ce daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Maƙarfi a Jihar Kaduna. Ita da maƙwabtanta na Ikara da Kudan ƙasar noma ce a ƙarƙashin masarautar Zazzau, wadda ta yi suna wajen rake da tumatir da hatsi. Wanda ya ji an haɗa sunan irin wannan wuri da wasannin Amurka zai iya cewa me ya haɗa kifi da kaska. Sai dai kuma a birnin Zariya, maƙwabcin wannan yanki, aka raini mutumin da ya jagoranci ƙungiyar da ta ci kofin ƙwallon kwando mafi daraja a duniya a shekarar 2019. Haka nan damben da matasan karkara suka gada daga mahauta ya zama hajar da kamfanoni ke tallatawa a kasuwannin ƙetare.

Masana irin su Abdalla Uba Adamu da Brian Larkin sun yi bayani mai zurfi a kan yadda finafinan Indiya suka shigo ƙasar Hausa, Bahaushe ya sarrafa su ya mayar da su nasa. Edward Powe kuma ya nazarci dambe da kokawa da adabin da ke tattare da su tun cikin shekarun 1980. Wannan maƙala ta ɗora ne a kan waɗannan ayyuka, ta fuskanci ɓangaren kasuwanci da watsa labarai.

2.0 Tsarin Kasuwancin Wasanni a Amurka

Manyan gasannin Amurka sun sha bamban da na Turai ta fuskoki da dama. Na farko, a rufe suke: ƙungiyoyi 30 ne ke gasar ƙwallon kwando ta NBA, kuma ko ƙungiya ta zo ta ƙarshe ba ta faɗawa ƙaramin rukuni. Na biyu, ƙungiyoyin da suka fi rauni su ake bai wa fifiko wajen zaɓen sababbin 'yan wasa a kowace shekara. Na uku, akwai ƙa'idar da ke taƙaita abin da ƙungiya za ta kashe a kan albashi. Manufar duk wannan ita ce kada wata ƙungiya ta yi wa saura fintinkau har 'yan kallo su gaji.

Babbar hanyar samun kuɗi ita ce sayar da haƙƙin nuna wasa. A shekarar 2024 NBA ta ƙulla yarjejeniyar shekara 11 da kamfanonin Disney da NBC da Amazon a kan kuɗi kimanin dala biliyan 76. A shekarar 2023 aka haɗe kamfanin kokawar nishaɗi na WWE, wadda Hausawa ke kira resilin, da kamfanin faɗan keji na UFC a ƙarƙashin inuwa guda mai suna TKO. Ke nan abin da ake sayarwa shi ne idon ɗan kallo, wasan kuwa ƙugiya ce ta kamo shi.

Akwai wani bambanci a cikin gida wanda ya kamata a riƙe, domin za a koma kansa a gaba. 'Yan wasan NBA suna da ƙungiyar ƙwadago, kuma yarjejeniyarsu ta ba su tsakanin kashi 49 zuwa 51 cikin 100 na kuɗin da wasan ya samar. 'Yan wasan UFC ba su da irin wannan ƙungiya. Takardun da aka gabatar a wata ƙara da tsofaffin 'yan wasan suka shigar sun nuna rabonsu yana kai-kawo ne a wajen kashi 20 cikin 100. An sasanta ƙarar a kan dala miliyan 375, kotu ta amince a farkon shekarar 2025.

3.0 Ƙwallon Kwando a Zariya

James Naismith ne ya ƙirƙiro ƙwallon kwando a shekarar 1891 a wata makaranta da ke garin Springfield na Amurka, kuma ta hanyar makarantu ya yaɗu a duniya. Haka abin ya kasance a Zazzau. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, ita ce ta zama cibiyar wasan. A filinta na Samaru ne wani Ba'amurke mai suna Oliver Johnson ya shafe shekaru masu yawa yana horar da matasa.

Cikin waɗanda suka ratsa ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda aka haifa a Ingila a 1970, ya tashi a Zariya. Ujiri ya kafa gidauniyar Giants of Africa a 2003 domin horar da yaran Afirka, ya sami lambar gwarzon jami'in gudanarwa na NBA a 2013, sannan ƙungiyar Toronto Raptors ta ci kofin gasar a ƙarƙashin shugabancinsa a 2019. A Kano ma ƙungiyar ƙwallon kwando ta Kano Pillars ta ci gasar ƙasa sau da dama. A 2021 NBA da hukumar ƙwallon kwando ta duniya suka buɗe gasar Afirka ta BAL a birnin Kigali.

Duk da wannan tarihi, wasan bai zama na talakan karkara ba. Ana iya kawo dalilai uku. Na farko shi ne fili: ƙwallon kwando yana buƙatar daɓen siminti da turaku da kwanduna, alhali ƙwallon ƙafa ko a gonar da aka girbe ana buga shi da duwatsu biyu a madadin raga. Na biyu shi ne mazauni: wasan ya zauna a harabar jami'a da barikin soja da makarantun kwana, inda Ingilishi ne harshen hulɗa. Na uku shi ne lokaci. Nijeriya tana gaban gabashin Amurka da awa biyar ko shida, gwargwadon yanayin shekara. Wasan da aka fara da ƙarfe bakwai da rabi na yamma a can, a nan sha biyu da rabi ne ko ɗaya da rabi na dare. Mai gidan kallo a Gazara ko Hunƙuyi ba zai ƙona man janareto a wannan lokaci ba, manomin da zai yi sammako zuwa gonar rake ma ba zai zauna ba. Wasannin Ingila da Sifaniya kuwa tsakanin azahar da bayan isha'i suke faɗowa.

4.0 Kafofin Watsa Labarai da Harshen Wasa

Wasa ba ya zama ɗan gida sai ya sami kalmomi a bakin mutane. Gidajen rediyo, irin su Rediyon Kaduna da Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, sun ƙera wa ƙwallon ƙafa rumbun kalmomi cikakke: mai tsaron gida, satar gida, bugun kusurwa, bugun tazara, bugun daga kai sai mai tsaron gida, kunnen doki. Waɗannan kalmomi sun samu karɓuwa ne saboda sun jingina da tunanin Bahaushe game da gida da tsaronsa.

Ƙwallon kwando bai samu wannan gata ba. Ban da sunan wasan, kusan dukkan kalmomin da 'yan wasa ke amfani da su a fili na Ingilishi ne. Labarinsa a kafofin Hausa yakan zo ne a taƙaice idan wani abin alfahari ya faru, kamar lokacin da tawagar maza ta Nijeriya ta doke ta Amurka da maki 90 da 87 a wasan sada zumunta a 2021, ko lokacin da tawagar mata ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar Olamfik ta birnin Faris a 2024.

Dambe kuwa da harshensa ya tashi. Ana cewa an sa zare, an yi turmi uku babu kisa, wane ya buge wane. Sunayen 'yan dambe kansu tarihi ne: shagon wane, autan wane, bahagon wane, kowanne yana nuna gidan da ɗan wasa ya fito da ubangidan da ya rene shi. Rukunonin Kudu da Arewa da Guramada su ne ginshiƙin adawa. Ga kirari, ga kiɗa, ga waƙa irin wadda Muhammadu Bawa Ɗan'anace ya yi wa Shago. Rahotannin da BBC Hausa ta daɗe tana kawowa daga gidan damben Ali Zuma da ke Dei-Dei a Abuja sun adana wannan harshe yadda yake.

5.0 Dambe a Sabuwar Kasuwa

A al'adance sana'ar mahauta ce ta riƙe dambe, kuma da kaka ake yin sa, lokacin da amfanin gona ya shigo hannu. Daga baya ya koma gidajen dambe na birane inda ake biyan kuɗin ƙofa. Ɗan dambe yana samun abin da mai gida ya ba shi da kuma karin da masoya suka yi masa a fili, makaɗi ma yana da nasa rabo.

Mataki na uku ya zo da wayar hannu. A 2017 aka buɗe tashar Dambe Warriors a YouTube, wadda ta jawo miliyoyin masu kallo daga ƙasashe daban-daban. Bayanta kamfanin African Warriors Fighting Championship, wanda Maxwell Kalu ya kafa, ya shigo fagen, har ya ƙulla yarjejeniyar nuna wasanninsa da kamfanin DAZN a 2025. Samfurin da ake bi a fili yake: na UFC ne. An shigo da awon nauyi da ƙayyade lokacin turmi da ba da maki da ajiye ma'aikatan lafiya a gefen fili, ana kuma yanka wasa zuwa gajerun hotunan bidiyo masu nuna kisa kawai.

Wasu daga cikin waɗannan sauye-sauye alheri ne, musamman abin da ya shafi lafiyar ɗan wasa. Amma gajeren bidiyo yana zubar da kirari da kiɗa da zagayen fili, waɗanda su ne adabin dambe. Ɗan kallo na ƙetare yana ganin naushi, ba ya jin abin da makaɗi ya faɗa wanda ya sa ɗan dambe ya yi tsuma.

6.0 Tasiri ga Al'umma

Abu na farko shi ne rabo. Idan kuɗin dambe ya tashi daga ƙofa ya koma haƙƙin nunawa, to wanda ya mallaki hoton shi ya mallaki wasan. Matashin da ya baro ƙauyen Ikara ko Kudan da rani domin ya sa zare a Kano ko Abuja ana biyan sa sau ɗaya, hotonsa kuwa yana ci gaba da kawo kuɗi shekara da shekaru. A nan ne bambancin da aka ambata a sashe na 2.0 yake da amfani: tsarin Amurka ya nuna cewa inda 'yan wasa suka haɗa kai rabonsu ya kai rabi, inda suka rarrabu bai wuce ɗaya bisa biyar ba. Makaɗa da maroƙa, waɗanda muryarsu ke cikin hotunan, su ma suna da haƙƙin da ya kamata a rubuta.

Abu na biyu shi ne caca. Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar hana cacar wasanni a 2018, kamfanonin caca suka zama manyan masu ɗaukar nauyin wasanni a can. Wannan iska ta kaɗo har fagen dambe, inda kamfanin caca na Stake ya shiga sahun masu ɗaukar nauyi. A Nijeriya, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Nuwamba na 2024 cewa jihohi ne ke da ikon tsara harkar caca, kuma a cikin wannan shekara Hukumar Hisba ta Kano ta rufe shagunan caca da dama. Al'ummar da addininta ya haramta caca za ta fuskanci tambaya mai wuya idan wasanta na gado ya dogara da kuɗin caca.

Abu na uku shi ne buri. Labarin Ujiri yana da darasin da ake yawan mantawa: ta hanyar gudanarwa ya kai inda ya kai, bayan wasansa a fili bai yi nisa ba. Kasuwar wasanni tana buƙatar mai sharhi da mai fassara da mai ɗaukar hoto da lauya, kuma waɗannan guraben sun fi na zakarun fili yawa da daɗewa.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ƙwallon kwando ya tsaya a harabar makarantun Zariya saboda fili da mazauni da lokaci, kuma rashin kalmomin Hausa ya ƙara nisanta shi da karkara, yayin da salon kasuwancin Amurka ya ratso ta wayar hannu ya kama dambe. Aikin da ke gaban sassan Hausa na jami'o'i a bayyane yake. Akwai buƙatar naɗar kirari da kiɗan dambe cikakku daga bakin masu su a garuruwa irin su Gazara, da tsara ƙamus na kalmomin wasanni, da horar da ɗalibai aikin sharhi da fassara. Haka kuma ya dace a fassara wa 'yan dambe da makaɗansu duk wata yarjejeniya zuwa Hausa kafin su sa hannu, domin mafi yawansu da wannan harshe kaɗai za su san abin da suka sayar.