Sakaya Zance a Kalmomin Bariki: Nazari Daga Arewacin Zamfara

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta dubi yadda Bahaushe ke ɗaukar kalma mai daraja ya lulluɓe karuwanci da ita, da kuma illar da hakan ke haifarwa.

2.0 Asalin Kalmomin

Isowar layin dogo Ƙaura Namoda a 1929 ta tara baƙi da leburori, kamar yadda kasuwar Shinkafi da hanyar Zurmi zuwa Jibiya ke tara fatake da direbobi. A irin wannan zama, nesa da idon dangi, kalmomin bariki suke bunƙasa. Ita kanta "bariki" an aro ta daga Ingilishi da ma'anar mazaunin soja, kafin ta koma nufin zaman holewa. "Kilaki" asalinta ma'aikacin ofis ne, sai ta zama sunan karuwa 'yar gayu. "Magajiya" kuwa sarautar mata ce a fada, amma aka laƙaba wa shugabar karuwai. "Kawali", wadda ta fito daga Larabci, ba ta sami wannan sutura ba. Zagi ce har gobe, saɓanin takwararta a Amurka da wasu mawaƙan zamani suka mayar abin taƙama.

3.0 Illar Sakayawa

Shari'ar Musulunci da ta fara aiki a Zamfara a 2000 ta sa an rufe gidajen karuwai, amma kalmomin ba su gushe ba. Mafi haɗari a cikinsu ita ce "mai zaman kanta", domin a zahiri takan dace da bazawarar da ke ciyar da kanta da sana'ar halal.

4.0 Kammalawa

Sakayawa ba ta wanke sana'ar ba. Kalmar da aka ara ce ke ɓaci, zargi kuma ya hau kan wadda ba ta ji ba, ba ta gani ba.