Darasi Na 17: Ƙurajen Fuska da Tabonsu a Unguwar Small Heath

Small Heath unguwa ce da ke kudu maso gabas da tsakiyar Birmingham, birni na biyu a yawan jama'a a ƙasar Ingila. A ƙarni na 19 unguwar ma'aikata ce. A nan kamfanin BSA ya gina masana'antarsa ta ƙera bindigogi, kafin ya yi suna da kekuna da babura, kuma a nan aka kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Small Heath Alliance a shekarar 1875, wadda a yau ake kira Birmingham City. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu baƙi suka yi ta zuwa neman aiki daga Fakistan da Kashmir da Bangaladash da Yaman, daga bisani Somaliyawa suka biyo sahu. Yanzu mafi yawan mazauna unguwar Musulmi ne. Wanda ya bi babban titinta, wato Coventry Road, zai wuce mahautan naman halal, da shagunan abaya da turare, da gidajen abinci, da kemis-kemis, ga kuma masallacin Ghamkol Sharif da na Green Lane ba nisa. Ɗalibin Kano ko na Maraɗi da ya sauka Birmingham karatu ba zai ji baƙunta sosai a wannan titi ba.

Abubuwa biyu ne suka sa zancen ƙurajen fuska ya dace da wannan unguwa. Na farko, gari ne na matasa, domin fiye da kashi ɗaya cikin uku na mutanen Birmingham ba su kai shekara 25 ba. Hukumar kiwon lafiya ta ƙasar, wadda ake kira NHS, ta ƙiyasta cewa kusan kashi 95 cikin 100 na masu shekara 11 zuwa 30 suna yin waɗannan ƙuraje, ko da yawa ko kaɗan. Na biyu, akasarin matasan Small Heath baƙaƙe ne ko wankan tarwaɗa, kuma a irin wannan fata ƙurji ba ya tafiya shi kaɗai, sai ya bar baƙin tabo a baya.

Kafin a yi nisa ya kamata a bambance sunaye. Ƙurji tilo ne, jam'insa ƙuraje. Hausawa kan ce ƙurji ya fito, idan kuma sun fito da yawa a lokaci guda sai a ce sun feso, kamar yadda ake fesa ruwa. Idan ƙurji ya tara mugunya a ce ya nuna, tamkar ɗan itace, idan ya buɗe a ce ya fashe. Maruru daban ne, shi babba ne mai zurfi da raɗaɗi. Haka nan ƙurajen zafi da ƙyasbi da ƙazuwa, kowanne da sanadinsa da maganinsa. Waɗanda ake magana a kansu a nan su ne wasu ke kira ƙurajen balaga, masu fitowa a goshi da kumatu da haɓa, wani lokaci har ƙirji da gadon baya.

Ga yadda suke samuwa. A gindin kowane gashi, har da ɗan siririn gashin fuska wanda da ƙyar ido ke ganinsa, akwai wata 'yar jaka mai fitar da maiƙo don fata ta yi laushi. Idan yaro ko yarinya suka fara balaga, wasu sinadaran jiki da ake kira homon sukan sa jakar ta riƙa fitar da maiƙo fiye da kima. Maiƙon ya haɗu da matacciyar fata, sai ƙofar gashin ta toshe. Idan bakin ƙofar a rufe yake, ɗan farin kai ne zai bayyana. Idan a buɗe yake, sai a ga baƙin kai. Wannan baƙin ba datti ba ne, iska ce ta taɓa abin da ya taru ya yi duhu, kamar yadda farin goro kan sake launi idan an gutsura an ajiye. A cikin toshewar ne wata ƙwayar bakteriya mai suna Cutibacterium acnes, wadda dama tana zaune a fatar kowa, take samun wurin yaɗuwa. Daga nan sai kumburi, sai mugunya.

Ke nan ƙazanta ba ita ce tushen abin ba, kuma ba a ɗaukarsa daga wani. Gado yana da hannu a ciki, haka ma jinin al'ada da juna biyu ga mata. A ƙasar Hausa an fi ɗora wa gyaɗa da soye-soye laifi, a Ingila kuwa cakulan ake zargi. Amma hukumar NICE, wadda ke tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin magani, ta bayyana a ƙa'idar da ta fitar cikin watan Yuni na 2021 cewa babu isasshiyar hujja da za ta sa a ɗora mai ƙuraje a kan wani abinci na musamman.

Tabon shi ne babbar magana. Fata mai duhu tana da ƙwayoyin halitta masu kuzari wajen samar da launi, wato melanin. Duk inda fatar ta ji ciwo ko ta kumbura, sai su ƙara zuba launi a wurin. Ƙurjin da ya yi mako guda ya mutu yana iya barin ɗigon da zai yi watanni, wani ma ya haura shekara. Matsa ƙurji da farce yana tura mugunyar cikin nama, kumburin ya ƙaru, tabon ya ƙara baƙi. Manyan ƙuraje masu zurfi kuma sukan bar ramuka kamar zanzana, ko tabo mai tasowa ya yi tudu, wanda ya fi samun baƙar fata, musamman a muƙamuƙi da ƙirji. Wani abin lura shi ne jan da ƙurji ke yi ba ya fitowa fili a baƙar fata, saboda haka mai dubawa yana iya raina ciwon. Irin wannan giɓi ne ya sa wani ɗalibin likitanci a jami'ar St George's ta Landan, Malone Mukwende, tare da malamansa suka fitar da littafin Mind the Gap a 2020, mai nuna yadda alamun cututtuka suke bayyana a fata mai duhu.

A nan ne mutane da yawa ke yin ɓatan kai. Budurwar da bikinta ya rage wata guda, ko saurayin da ya gaji da tsokanar abokai a makaranta, ba ƙurji suke gani a madubi ba, tabo suke gani, kuma so suke ya ɓace kafin Juma'a. Sai wata ƙawa ta kawo man bilicin, ko a saya ta intanet, ko a sako shi cikin tsarabar wanda ya dawo daga gida. Da yawa daga irin wannan mai suna ɗauke da ɗaya daga abubuwa uku: haidurokwinon, ko sitiroyid mai ƙarfi, ko zaiba. Tun 2001 doka ta hana sa haidurokwinon cikin man kwalliya a Ingila, zaiba ma haramtacciya ce a ciki, sitiroyid mai ƙarfi kuwa sai da takardar likita. Duk da haka jami'an sa ido kan ciniki suna ta kama su a biranen ƙasar, har ƙungiyar ƙananan hukumomi ta fitar da gargaɗi a kansu a 2019. A Nijeriya ma hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin babbar barazana ga lafiyar jama'a a 2023.

Yaudarar sitiroyid ita ce yana aiki da farko. Cikin kwana kaɗan kumburi ya kwanta, fuska ta yi haske, kowa ya yaba. Bayan makonni fatar ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, gashi ya tsiro inda babu shi a da, sannan wasu sababbin ƙuraje su feso, ƙanana masu kama da juna. Idan aka daina shafawa fuskar ta yi zafi ta rikice, sai a koma wa man, kullum ana ƙara nutsewa. Haidurokwinon, idan an daɗe ana shafa shi, yana iya mayar da fata baƙi-shuɗi, launin da ke da wuyar fita. Zaiba kuwa ƙoda take lalatawa. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido. Duk wanda ya riga ya daɗe a kan irin wannan mai, gara ya ɗauki kwalbar ya kai wa likita ya faɗi gaskiya, domin rabuwa da shi ma sai da dabara.

Magungunan gida ba su kai wannan haɗari ba, sai dai wasunsu ɓarna suke yi. Lemon tsami da man goge baki suna ƙona fata, dirzawa da soso ko dilka tana tayar da kumburi, kuma duk abin da ya tayar da kumburi baƙin tabo yake ƙarawa. Sabulun salo, duk da farin jininsa, yana da kaifi ga fuskar da ke da ƙuraje.

Rigakafin ba shi da tsada. Ana wanke fuska sau biyu a rana da ruwa mai ɗumi da abin wanki marar kaifi. Alwala ba ta shiga wannan lissafi, tunda ruwa ne zalla. Lokacin sanyin Ingila fata takan bushe kamar a hunturu, sai mutum ya lafta mai mai kauri. Wannan ya dace da ƙafa da hannu, amma fuska tana bukatar marar maiƙo. Man gashi ma yakan gangaro goshi ya toshe ƙofofin gashi, abin da likitocin fata a Amurka suka bayyana tun 1970, kuma hula ko ɗankwali ko hijabin da ya sha mai yana ƙara danna shi a fatar. A goge kwalliya kafin a kwanta. Rana kuma tana ƙara wa tabo duhu, saboda haka man kariya daga rana yana da amfani ko ga baƙar fata.

Idan ƙuraje sun riga sun fito, matakin farko shi ne kemis. Ana sayar da benzoyil feroksayid ba tare da takardar likita ba. Yana kashe ƙwayar bakteriyar, yana kuma rage toshewa. Akan fara shafa shi kaɗan, kwana ɗaya a tsallake ɗaya, har fata ta saba. Yana koɗar da launin tufa, don haka a yi hattara da hijabi da tawul da rigar matashin kai. Idan bai wadatar ba, sai likitan unguwa, wanda rajista da shi da ganinsa kyauta ne. Yara 'yan ƙasa da shekara 16, da masu 16 zuwa 18 da ke makaranta, ba sa biyan kuɗin maganin da ya rubuta.

Ƙa'idar NICE ta tanadi a gwada magani na mako 12, kuma ta ce a gaya wa marar lafiya tun farko cewa sai an yi mako 6 zuwa 8 kafin a fara ganin sauƙi. Wannan jira shi ne wurin da ake faɗuwa, domin wanda ya daina a mako na uku ya ce magani ba ya ci bai ba shi lokacinsa ba. Yawanci akan haɗa magunguna biyu, alal misali adafalin da benzoyil feroksayid. Idan abin ya yi tsanani a ƙara da ƙwayar sha, kamar doksisaiklin ko laimisaiklin. Ba a ba da irin waɗannan ƙwayoyi su kaɗai, kuma ba a so a wuce wata 6 a kansu, don kada ƙwayoyin cuta su saba da su. Mai juna biyu ba ta shan su, ba ta kuma shafa adafalin. Da azumi mai sha sau ɗaya a rana yana iya shirya lokacinsa da mai kemis. Doksisaiklin dai ana shan sa da ruwa mai yawa, ba a kwanciya nan take, abin da ya kamata mai komawa barci bayan sahur ya sani.

Ga ƙuraje masu zurfi da suka ƙi jin magani akwai aisotiretinoyin, wanda aka fara amfani da shi a Amurka a 1982. Yana ƙanƙantar da jakar maiƙon kanta, kuma mutane da yawa sukan rabu da ciwon bayan watanni. Amma sai a ƙarƙashin kulawar ƙwararrun likitocin fata ake ba da shi, domin yana nakasa ɗan tayi ƙwarai, kuma a 2023 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta ƙara tsaurara sharuɗɗansa, har da bin diddigin halin zuciyar mai shan sa. Ba girman ƙuraje kaɗai ke sa a tura mutum wurin ƙwararru ba. Idan sun jefa shi cikin damuwa mai tsanani, ko launin fatarsa ya ƙi komawa daidai, wannan ma dalili ne.

Shi baƙin tabo, da zarar sababbin ƙuraje sun daina fitowa, yakan dusashe da kansa sannu a hankali, kuma adafalin da wani man da ake kira azelayik suna taimaka masa. Ramuka da tudu ne ba sa tafiya haka nan. Idan suna da yawa kuma suna nan shekara guda bayan ƙurajen sun warke, likitan unguwa yana iya tura mutum asibiti a duba abin da za a yi musu.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin "ƙurji ya fito" da "ƙuraje sun feso"? A ƙirƙiri jimla guda da kowanne.
2. Me ya sa tabo ya fi damun mai baƙar fata fiye da ƙurjin kansa?
3. A bayyana ma'anar karin maganar "garin neman gira a rasa ido", sannan a kawo wani hali na daban da za a iya faɗinta.
4. A rubuta gajeriyar hira tsakanin mai kemis da wata uwa da ta zo neman magani don 'yarta mai shekara 15.