Kunkuru A Cikin Ɗaki: Yadda Za A Ba Shi Haske Da Ɗumi

Makon jiya mun yi magana a kan yadda ake ɗumama 'yan tsaki da hunturu. To, kashegarin fitowar jaridar sai ga wani akawu ya zo mini da ɗan kunkuru a cikin kwali, bai fi tafin hannu ba. Ya ce ya saya wa 'ya'yansa ne tun da damina, ga shi yanzu ya daina cin abinci, idonsa a rufe, hancinsa yana kumfa. Da na danna ƙoƙon bayansa da yatsa sai na ji ya lotsa kamar ɗanyen duma. Na tambaye shi inda yake ajiye shi. Ya ce a ƙarƙashin gado, bisa daɓen siminti, domin gidan haya ne na bene, babu tsakar gida. Wata biyar ke nan kunkurun bai ga rana ba. Bai kwana uku ba ya mutu, yara suka yi ta kuka.

Mutumin nan ba mugunta ya yi ba, rashin sani ne, wanda aka ce ya fi dare duhu. Da yake masu irin wannan kiwo a birane suna da yawa, na ga ya kamata yau mu tsaya a kansa.

Ku san abin da kuke kiwo

Babban kunkurun nan mai launin ƙasa, mai ƙayoyi a cinya, ɗan ƙasarmu ne. Ana samunsa a bakin Hamada tun daga Senegal da Mali, ya biyo ta Nijar da arewacin Nijeriya da Cadi har Sudan. Shi ne na uku a girma cikin kunkurun tudu na duniya, ba wanda ya fi shi sai na tsibiran Galafagos da na Aldabra. Babbansa yakan kai kilo 50, wani ma ya zarce, kuma yakan wuce shekara 50 a duniya. Watau wanda ya sayi ɗan ƙarami yau, wataƙila jikokinsa ne za su gaje shi.

Akwai kuma wani ƙarami na kurmi wanda bayan ƙoƙonsa yake lanƙwasuwa ya rufe. Shi wannan inuwa da laima yake so, ba ya jure zafin da zan faɗa a nan. Maganarmu ta yau a kan na bakin Hamada ce.

Me ya sa yake bukatar ɗumi?

Akuya da kaza da ɗan Adam jikinsu yana yin ɗuminsa daga abincin da suka ci. Kunkuru kuwa kamar ƙadangare yake, jikinsa yana bin zafin wurin da yake. In wurin ya yi sanyi, shi ma ya yi sanyi, cikinsa ya kasa narka abinci, ciyawar da ya ci ta zauna ta ruɓe, mura ta kama shi ta sauka a huhu. A daji yakan fito da hantsi ya sha rana har jikinsa ya ɗau zafi, sa'an nan ya yi kiwo. In rana ta take sai ya shige ramin da ya haƙa, wanda yakan fi tsawon mutum. Ramin nan shi ke tsare shi daga zafin rana, shi ke tsare shi daga sanyin dare, kuma a ciki akwai 'yar laima.

A Kano da Katsina da Maraɗi, cikin Disamba da Janairu, ma'aunin zafi yakan sauko wajen 12 ko 13 da asuba, a Jos ma ya fi haka sauka. Kunkurun da ba shi da rami, yana kwance bisa siminti, duk sanyin nan a cikinsa yake ƙarewa.

Wata magana kuma. Kunkurun ƙasashen Turai, irin na Girka, yakan yi barci dukan lokacin sanyi ba ci ba sha. Namu ba ya yin haka. In kun ga ya lafe da hunturu kada ku ce barci yake yi, sanyi ne ya kama shi.

Me ya sa yake bukatar haske?

Cikin hasken rana akwai wani kashi wanda ido ba ya gani, masana suna kiransa UVB. In ya sauka a fatar kunkuru sai jikinsa ya yi bitamin D. Bitamin ɗin nan shi ke sa hanji ya tsotsi kalsiyam daga abinci, watau sinadarin da ke gina ƙashi da ƙoƙo. In babu hasken babu bitamin, in babu bitamin ko an cika shi da abinci mai kyau ƙashinsa ba zai yi ƙwari ba. Abin da ya sami kunkurun akawu ke nan.

Ku lura da abu biyu. Na ɗaya, gilashin taga yana tare UVB, saboda haka ajiye shi a bayan taga rufaffiya ba ya magani, ko da rana tana dukansa. Na biyu, ƙwan lantarkin da muke haska ɗaki da shi ba ya ba da wannan haske.

Yadda za a shirya masa wuri

A sa kafinta ya yi akwatin katako marar murfi, tsawo ƙafa 4, faɗi ƙafa 3, zurfi ƙafa 1. Wannan ya ishi ɗan ƙarami shekara ɗaya ko biyu. Kada a yi amfani da akwatin gilashi irin na kifi, gama iska ba ta zagayawa a ciki, kuma zafi yakan game shi duka har dabbar ta rasa wurin gudu. A ɗora akwatin bisa benci ko bulo, kada ya taɓa siminti, a kuma kauce wa bakin ƙofa inda iskar hunturu take shigowa. A zuba ƙasar gona mai tsabta mai kaurin inci 4. Yashi zalla ba shi da kyau, don in ya haɗiye shi tare da abinci yakan toshe masa hanji.

Asirin aikin duka shi ne a raba akwatin biyu, gefe ɗaya mai zafi, gefe ɗaya mai sanyi, yadda zai riƙa kai da kawowa yana zaɓen abin da jikinsa yake so, kamar yadda yake yi a daji.

A gefen zafi a shimfiɗa faffaɗan dutse, a rataye ƙwan lantarki irin na dā mai zafi, mai wat 60 ko 75, a bisansa. Ƙwan zamani na LED ba ya ɗumi, ba zai yi wannan aiki ba. Tsakanin ƙwan da bayan kunkuru kada ya gaza ƙafa 1. A kunna, a bar shi sa'a biyu, sa'an nan a ajiye ma'aunin zafi bisa wani abu mai tsayin bayan kunkurun, a duba. Abin da ake so a nan shi ne 35 zuwa 38. In ya wuce a ɗaga ƙwan sama, in ya kasa a sa mai wat 100. Gefen sanyi kuwa ya tsaya wajen 24 zuwa 27. Kada ku auna da tafin hannu, hannu yana ruɗi. Ma'auni ba shi da tsada a kantin magani ko wurin masu sayar da kayan kiwon kaji.

A gefen sanyi a kifa fasasshiyar tukunya ta zama masa rami, a riƙa yayyafa wa ƙasar ƙarƙashinta ruwa kaɗan. A sa ruwan sha a faranti marar zurfi. Wutar lantarki da iskar hunturu suna busar da ƙaramin kunkuru da sauri, kuma bushewa tana cikin abubuwan da ke sa ƙoƙonsa ya fito da tudu-tudu. Saboda haka kowace safiya a tsoma shi cikin ruwa mai ɗumi-ɗumi wanda bai wuce haɓarsa ba, minti 15, ana tsaye a kansa.

Wanda ba shi da halin fitar da shi rana sam, sai ya nemi fitilar UVB, doguwa ce kamar sanda, ana yin ta musamman don irin waɗannan dabbobi. A rataye ta a gefen zafi tare da ƙwan, bisa nisan da aka rubuta a kwalinta, kada gilashi ko roba ya shiga tsakani. Ƙarfinta yana raguwa ko da ido yana ganin tana ci, don haka a rubuta ranar da aka sa ta, a sake wata bayan wata 6 zuwa 12.

Fitilun nan su yi sa'a 12 a kunne, sa'a 12 a kashe. Kunna da fitowar rana, kashe da magariba.

Da dare

Kunkuru yana son duhu da dare kamar kowa. Amma ga ɗan ƙarami kada ma'auni ya sauka ƙasa da 22, babba kuwa yana jure 16 in wurin busasshe ne. Akwai wani ƙwai na tangaran wanda yake ba da zafi ba haske, masu kaji sun san shi. Shi ya dace da dare. Yana zafi ƙwarai, saboda haka mariƙinsa ma ya zama na tangaran, na roba narkewa yake yi. A ɗaure shi da waya mai ƙarfi, a nisanta shi da busasshiyar ciyawa da labule. Gobara ba ta tambayar dalili.

In an ɗauke wuta fa? A cika kwalba da ruwan zafi, a toshe ta sosai, a naɗe da tsumma, a ajiye kusa da tukunyarsa, a rufe rabin akwatin da bargo. Jan bulo da aka ɗumama a gefen murhu aka naɗe shi ma yana yi. Ko wanne kada ya taɓa jikinsa tsirara, domin ba ya saurin jin ƙuna, sai ya kwanta a kai ya ƙone cikinsa.

Ina roƙonku kada ku kai kaskon gawayi ko fitilar kananzir cikin rufaffen ɗaki saboda kunkuru. Gawayi yana fitar da wata iska marar launi marar wari wadda take kashe mutum yana barci. Kada a je ceton kunkuru a rasa yaro.

Rana ta fi kowace fitila

Mutanen Ingila da Amurka suna kashe kuɗi mai yawa a kan fitilun nan domin ba su da rana da sanyi. Mu kuwa Allah ya ba mu ita kyauta. A fitar da shi da hantsi, sa'a ɗaya, sau uku ko huɗu a mako, ko a baranda ko a bakin ƙofa. A yi masa inuwa a gefe, gama ɗan ƙarami rana tana iya kashe shi cikin ɗan lokaci, balle in ya kife rigingine. A sa yaro mai hankali ya zauna kusa saboda shaho da hankaka da kare. Mai yin haka kullum ba ya bukatar sayen fitilar UVB. Abincinsa kuwa ciyawa ce da ganyaye, a riƙa barbaɗa masa garin ɓawon ƙwai da aka dafa aka daka. Tuwo da nama ba cimarsa ba ne.

Alamun da za a lura da su

In ya ƙi ci, ko hancinsa yana kumfa, ko yana numfashi baki buɗe, sanyi ne, a duba ma'auni a kuma kai shi wurin likitan dabbobi. In kullum yana gefen sanyi yana ƙoƙarin hawa bango, zafi ya yi yawa. In yana jan ƙafafun baya, ko ƙoƙonsa yana ƙara laushi maimakon ƙwari, rana ce ta yi masa kaɗan. Kowa ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu, domin yakan ɗauki ƙwayar cutar da ke sa gudawa.

Kafin ku saya

Kunkurun nan yana ƙarewa a daji, har ƙungiyar IUCN ta sa shi cikin dabbobin da ake tsoron ɓacewarsu. Tun 2000 yarjejeniyar CITES ta hana fitar da wanda aka kamo a daji zuwa wata ƙasa don ciniki. A shekarar 2000 ɗin kuma Amurka ta hana shiga da shi, saboda kaskar da yake ɗauke da ita tana iya sa wa shanu da tumaki ciwon da ke tara ruwa a zuciya. Mai dabbobi sai ya duba hammatarsa da gindin wutsiyarsa, ya cire kaska.

Akwatin nan na ƙuruciya ne kawai. Bayan 'yan shekaru sai ya sami fili da ƙasar da zai haƙa. Wanda ya san ba shi da su gara ya haƙura tun yanzu, wanda kuwa ya riga ya ɗauko, amana ce a wuyansa. Ya nemi ma'auni tun kafin sanyi ya tsananta.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan adana harawa da ƙaiƙayi don rani.