Allurar Rigakafi Da Ƙwayar Tazarar Haihuwa: Abin Da Na Koya

A hutun da ya wuce na kai wa yayata ziyara a Goronyo, na iske ta cikin zullumi. Wai a wurin wani biki a Rabah aka ce mata duk macen da ke shan ƙwayar tazarar haihuwa, in aka yi mata allurar rigakafi jininta zai daskare. Saboda haka ta bar shan ƙwayar, ga ta da goyon wata bakwai, kuma ta sha wuya ƙwarai a haihuwar. Ta ce mini, "Ƙanwata, ku da kuke karatu, ki tambayo mini." Da muka koma makaranta na tambayi malamarmu ta kimiyya, ga kuma abin da na koya.

Asalin zancen daga allurar korona ce ta AstraZeneca, wadda ta iso Nijeriya a watan Maris na 2021. A shekarar nan likitocin Turai suka gano cewa wasu mutane ƙalilan sun sami gudan jini bayan allurar. Dalili shi ne garkuwar jikinsu ta harzuƙa ƙananan ƙwayoyin jini masu tsayar da zubar jini, suka dunƙule. Tun 2024 kamfanin ya janye allurar.

Ita kuwa ƙwaya mai sinadarin istirojin hanyarta dabam. Takan sa hanta ta ƙara yin sinadaran da ke daskarar da jini, shi ya sa jefi-jefi takan jawo gudan jini a jijiyar ƙafa. Likitoci ba su sami shaidar cewa ƙwayar tana ƙara haɗarin allurar ba, kuma ba su ce a bar sha ba. Hasali ma, ciki da jego sun fi ƙwayar jawo gudan jini.

Amma fa akwai hattara. Mai hawan jini, ko wadda ta taɓa samun gudan jini, ta gaya wa ma'aikaciyar lafiya tun kafin a ba ta ƙwaya, don akwai irin da babu istirojin cikinta. In ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya sarƙe, ko ciwon kai mai tsanani ya ƙi sauka, a tafi asibiti nan take.

Na aika wa Yaya bayanin nan, ta je asibiti tare da maigidanta, hankalinta ya kwanta. Iyayenmu da 'yan'uwana ɗalibai, matambayi ba ya ɓata, amma mu tambayi wanda ya sani. Allah ya ba mu lafiya, amin.