Yadda Ake Sa Aya Ɗaya Ta Yi Aiki Daga Litinin Zuwa Asabar

Yawancinmu muna fitowa daga sujada ranar Lahadi da aya a baki, amma kafin Laraba ta riga ta sulale. Manzo Yakubu ya san wannan hali. A wasiƙarsa, sura 1 aya 22 zuwa 25, ya kwatanta mai jin Magana ba ya aikatawa da mutumin da ya duba madubi, yana juya baya ya manta kamanninsa. Ga hanya mai sauƙi da manomi, 'yar kasuwa ko ɗalibi zai iya bi, ko bai taɓa shiga makarantar tauhidi ba.

Da farko, ɗauki aya ɗaya tak don mako guda. Kana iya ɗaukarta daga wa'azin Lahadi, ko daga karatun addu'ar safe a gida. Abin da ya fi shi ne ka riƙa bin littafi ɗaya a jere. Mai farawa ya gwada wasiƙar Yakubu, surorinta 5 ne kawai, ko Matiyu 5 zuwa 7, ko Karin Magana mai surori 31, wato kusan sura guda kowace rana ta wata. Ka guji rufe ido ka buɗe Littafi duk inda yatsa ya faɗa, domin wannan ya fi kusa da duba fiye da nazari. Kowace fassara kake da ita a gida ta isa. Cikakken Littafi Mai Tsarki yana hannun masu jin Hausa tun 1932, aikin da Dakta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka yi, kuma an yi sababbin fassarori bayansa. Wanda idonsa ya raunana ko bai yi karatu ba, ya sa jika ya karanta masa, ko ya saurara a waya.

Na biyu, karanta abin da ke gaban ayar da abin da ke bayanta. A nan ne aka fi yin tuntuɓe. Manzanni ba su sa lambobi a rubutunsu ba. An raba littattafan zuwa surori ne a ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani mai ɗab'i Bafaranshe, Robert Estienne, ya sa su a 1551. Bulus wasiƙa ya rubuta, kuma ba mai karanta layi ɗaya na wasiƙar mahaifinsa ya ajiye sauran. Don haka ka yi tambaya uku: wa ke magana, da wa yake yi, kuma a wane hali suke?

Dubi Filibiyawa 4:13, wadda ake rubutawa a bangon shago da bayan mota. Mutane suna ɗaukarta alkawarin cin jarrabawa ko samun riba. Amma Bulus yana tsare lokacin da ya rubuta ta, kuma a aya 11 da 12 yana bayanin yadda ya koyi wadar zuci ne, ko da ƙoshi ko da yunwa. Ƙarfin da yake nufi shi ne na jimrewa ba tare da gunaguni ba. Haka ma Irmiya 29:11. An aika da ita ga mutanen Yahuza da aka kwashe zuwa Babila, kuma aya 10 ta faɗa musu cewa sai an yi shekara 70 kafin a komo da su. Kafin nan an umarce su su gina gidaje, su yi shuka, su aurar da 'ya'yansu, su yi wa garin baƙuntarsu addu'a. A ganina, idan aka karanta ta haka ta fi ƙarfafa zuciya, musamman ga 'yan'uwanmu da rikici ya raba da garuruwansu a Borno da Adamawa, suna zaune inda ba su zaɓa ba.

Na uku, rufe Littafin ka faɗi ma'anar ayar da bakinka, kamar kana bayyana wa yaro ɗan Makarantar Lahadi. In ka kasa, koma ka sake karantawa. Sannan ka tambayi kanka inda ta taɓa ka, kai ɗin nan. Zuciya tana saurin tuna maƙwabci ko suruka a wannan gaɓa. Ka dawo da ita gida.

Na huɗu shi ne kan maganar duka: mayar da ayar aiki ɗaya wanda yake da sunan mutum da rana. "Zan ƙara ƙauna" ba ƙuduri ba ne, domin ranar Asabar ba za ka iya sanin ko ka yi ko ba ka yi ba. Mai sayar da hatsi da ya karanta Karin Magana 11:1, inda aka nuna Ubangiji yana ƙin ma'aunin zamba, aikinsa shi ne ya duba mudunsa kafin ranar kasuwa, in gindinsa a dake yake ya canja shi. Manomin da ya karanta Littafin Firistoci 19:13 ko Yakubu 5:4 ya biya 'yan ƙwadagonsa ranar da suka gama noma, kada ya ce su dawo jibi alhali kuɗin yana aljihunsa. Ma'aurata da suka ɗauki Afisawa 4:26 su yarda cewa wannan mako ba mai kwanciya da gaba. Matiyu 5:23 da 24 ta fi su nauyi, domin maganar ɗan'uwan da yake riƙe da kai ne, kuma kai aka ce ka ajiye baikonka ka je ka same shi. To, wane ne shi? Yaushe za ka je? Ka tuna Zakka mai karɓar haraji a Luka 19. Da tubarsa ta zo, da lissafi ta zo: rabin dukiyarsa ga matalauta, ninki huɗu ga duk wanda ya cuta.

A nan ina da jan kunne. Aya ba sanda ba ce da za a rufe bakin wanda ake zalunta. Matar da mijinta ke duka, ko maraya da aka cinye wa gado, bai kamata a karanta musu ayar gafara a sallame su ba. Yesu da kansa a Matiyu 18:15 zuwa 17 ya shimfiɗa hanyar fuskantar mai laifi: kai da shi tukuna, sannan da mutum ɗaya ko biyu, sannan gaban ikkilisiya. Gafara da faɗin gaskiya tare suke tafiya, kuma dattawan ikkilisiya suna da alhaki a kan wannan.

Na biyar, haddace ta. Rubuta ta a 'yar takarda ka sa a aljihu, ko a fuskar wayarka. Maimaita ta a hanyar gona, a bakin murhu, a cikin mota. Maimaitawar Shari'a 6:6 da 7 ta ɗora wa iyaye koya wa 'ya'ya a zaune a gida da kuma a kan hanya, saboda haka ka sa yara su haddace tare da kai. Sukan riga manya riƙewa, kuma ba sa jin nauyin tuna wa Baba in ya saɓa. Ka kuma mayar da ayar addu'a kowace safiya, kana roƙon Ruhu Mai Tsarki ya ba ka ikon yin abin da ka ƙudura, domin ƙoƙarin mutum kaɗai ba ya kai shi ko'ina a wannan tafiya.

Na ƙarshe, faɗa wa mutum ɗaya amintacce abin da ka ƙudura, wata daga Zumuntar Mata, aboki a zumuntar matasa, ko dattijon da kake girmamawa, ka ba shi izini ya tambaye ka ranar Asabar. In ayar ta yi maka wuya, kai ta wurin fasto ko mai bishara. Babban ma'ajin sarauniyar Habasha ma sai da Filibus ya zauna kusa da shi a karusa kafin ya gane Ishaya. Amma ka yi irin na mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni 17:11, waɗanda suka riƙa bincika Nassi kullum don su tabbatar da abin da Bulus ya koya musu.

In Asabar ta zo ka ga ba ka yi ba, kada ka ɓoye kuma kada ka karaya. Furta laifin ga Allah bisa ga 1 Yahaya 1:9, ka faɗa wa abokin naka gaskiya, sannan ka riƙe ayar nan ɗin wani mako. Kada ka ɗauki sabuwa sai ka biya ɗan ƙwadagon, ko ka taka zuwa gidan ɗan'uwan.