Yadda za ka kwashe waƙoƙin faifan CD ka adana su ba tare da ruɗewa ba

Duk wanda ya tara faifan CD a shekarun baya ya san halin da ake ciki. Yawancin sababbin laftof ba su da gurbin faifai, rediyon mota ya koma filas da Bluetooth, faifan kuma suna can cikin kwali suna shan zafi da ƙurar hunturu. Kwashe su zuwa kwamfuta aikin 'yan mintuna ne ga kowane faifai. Matsalar tana zuwa ne bayan wata shida, lokacin da mutum zai buɗe folda ya tarar da fayil arba'in duk sunansu Track 01, bai san wanne ne Shata ba, wanne ne Ɗanƙwairo.

Shawarata ɗaya ce, sauran duk bayaninta ne: ka yi uwar ajiya guda ɗaya mai cikakken inganci da cikakkun sunaye, ka ajiye ta a gida. Abin da ke cikin waya da filas ɗin mota kwafi ne kawai, in ya ɓata a sake ciro wani.

Kafin komai, duba irin faifan da ke hannunka, domin ba duka ne iri ɗaya ba. Ainihin faifan sauti, wanda Sony da Philips suka fitar a 1982, ba ya wuce kamar minti 80, kuma in ka buɗe shi a Windows za ka ga ƙananan fayiloli masu ƙarewa da .cda. Wannan ba a kwafarsa da hannu, sai da manhaja. Amma da yawa daga cikin faifan da aka riƙa sayarwa a kasuwanninmu MP3 ne aka zuba a kai, waƙa ɗari ko fiye a faifai guda. Irin wannan kwafarsa kawai za ka yi yadda yake. Kada ka ɓata lokaci wajen juya shi zuwa wani tsari mai nauyi da sunan ƙara masa kyau, abin da aka riga aka zubar daga sautin ba ya dawowa. Ka fara da faifan da aka buga a shago, masu shuɗi-shuɗi ko kore-kore a ƙasa, domin su ne ke saurin mutuwa idan zafi da rana suka yi musu yawa.

Ga ainihin faifan sauti, sayi na'urar karanta faifai ta waje mai igiyar USB, ka sauke Exact Audio Copy, manhajar kyauta ce ta Windows. Masu Mac su nemi XLD. Amfaninsu shi ne in sun ci karo da karce sukan sake karanta wurin har sai sun tabbatar, su kuma gaya maka inda suka kasa. Goge faifan da tattausan ƙyalle daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba. Sannan ka zaɓi tsarin FLAC. Shi yana matse fayil ba tare da zubar da komai daga sautin ba: sa'a guda ta kiɗa da kan ci sama da megabait 600 a ɗanyenta takan koma tsakanin 300 da 400. Faifai 300 masu sa'a guda-guda ke nan ba za su wuce gigabait 120 ba, ma'ajiyar waje mai tarabait 1 ta ishe ka har da rara.

Yanzu ga inda ya kamata ka zauna ka nutsu, wato sunaye. Idan faifan Bob Marley ne ko na Ummu Kulsum, manhajar za ta leƙa rumbun bayanai irin MusicBrainz a intanet ta cike maka komai. Idan kuwa na Barmani Choge ne ko Ɗan Maraya Jos, sau da yawa ba za ta samo komai ba, kai ne za ka rubuta. Ka rubuta a lokacin da faifan da bangonsa suke gabanka, kada ka ce sai an jima. Manhajar Mp3tag tana ba ka damar cike sunan mawaƙi, sunan faifai, lambar waƙa da shekara ga fayiloli da yawa a lokaci guda. Zaɓi rubutu ɗaya ga kowane mawaƙi ka tsaya a kai. In ka sa Mamman Shata a nan, Alhaji Mamman Shata a can, Dr Shata a wani wuri, wayarka za ta ɗauka mutum uku ne. Tsarin folda kuma ya zama mai sauƙi: mawaƙi, a cikinsa faifai, a cikinsa waƙoƙi masu lamba 01, 02, 03, da sifirin a gaba don su jeru daidai. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ka sa su a bayanan cikin fayil, amma ka bar sunan fayil ɗin kansa da haruffa marasa lanƙwasa, saboda wasu rediyoyin mota tarkace suke nunawa a madadinsu.

Akwai gurbin sharhi a cikin kowane fayil, kuma ina roƙonka ka yi amfani da shi. Shata ya rasu a 1999, Barmani a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Waɗanda suka san wa aka yi wa waƙa kaza, a wane gari, a wane biki, kullum raguwa suke yi. In akwai dattijo a gidanku da ya sani, kunna masa ka tambaye shi, ka rubuta abin da ya faɗa a wannan gurbin. Bayanin zai bi waƙar duk inda aka kwafe ta.

Kwafin waya da mota ba ya buƙatar dogon tunani. Sa foobar2000 ko fre:ac ta juya maka FLAC zuwa MP3 mai ƙarfin 192 ko 256 a wata folda dabam. A cikin ƙarar hanya kunne ba zai bambance su da na asali ba, kuma sa'a guda a 192 ba ta kai megabait 90 ba. Filas ɗin mota ka tsara shi a FAT32, shi ne tsofaffin rediyoyi suka fi ganewa. Memori na bogi ya yi yawa a kasuwa, a rubuta gigabait 64 a jiki alhali cikinsa bai kai haka ba, don haka gwada sabo da H2testw kafin ka zuba masa komai.

Uwar ajiyar kuwa, kada ka yarda ta zama ɗaya tak. Ma'ajiya takan faɗi ƙasa, wuta takan dawo da ƙarfi ta ƙona ta, ɓarawo yakan ɗauke ta tare da laftof. Yi kwafi na biyu a wata ma'ajiyar, ka kai gidan ɗan'uwa, ka riƙa sabunta shi duk lokacin da ka ƙara faifai masu yawa. Kada ka soka ma'ajiyar a kwamfutar shagon tura waƙa ko ta wani da ba ka yarda da tsabtarta ba. Faifan ma kada a zubar, a jera su a tsaye cikin gidajensu a wuri mai sanyi.

Abu na ƙarshe: wannan ajiya don sauraronka ce da iyalinka. Mawaƙan da ke raye da iyalan waɗanda suka rasu suna da haƙƙi a kan aikinsu, don haka in sabon aiki ya fito, ka saya ta halattacciyar hanya kafin ka sa shi a cikin taskarka.